Tafarnuwar Gindin Rumbu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga yaron gidana da ke Gidan Rumji, a hannun kawunsa Laminu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida kawunka da iyalinsa, da duk wanda ya miƙa maka ruwa ka sha tun ranar da ka sauka. Allah Ya sa kana kwana lafiya kana tashi lafiya a baƙon wuri, Ya tsare ka a hanyar lakol, makarantarku, zuwa da dawowa, Ya raba ka da ciwo da mugun aboki. Mu nan lafiya lau. Labarin gida kuwa ƙanwarka Hadiza za ta cika maka kunne da shi a wayar kawunka, ba shi ya sa na ɗauki bik da takarda ba.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san ban yi nisa a lakol ba, sauran ma a karatun manya na tsinta. Kai da ka ci jarrabawar shiga kwalej, in ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi a zuciyarka ka wuce.

Ranar da muka raka ka tashar Gazawa ban ce maka komai ba sai "a sauka lafiya", shi ma tayar mota nake kallo na faɗa. Ka san dalili. Kai ne ɗan fari, kuma a gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zaman hira da shi, ba ya dafa shi a gaban mutane. Haka babana ya yi wa yayana, haka na taso na gani, ban kuwa taɓa jin nauyin abin ba sai ran nan. Ina tsaye gefe kamar wanda ya rako ɗan maƙwabci, kawunka kuwa ya riƙe kafaɗarka, yana ta kiran sunanka da ƙarfi har masu lodin buhu suka haddace shi. Sai ya waiwayo ya ce mini:

"Mijin Yaya, kwantar da hankalinka. Na ware mishi fangali biyu cikin garkata, lambun nan nawa, dab da rijiya. Bana za shi ga tafarnuwa ta gaskiya, ba wagga taka mai kama da haƙoran ɓera ba."

Mutane suka yi dariya. Ni ma na yi, ƙanin mata ne, wasa ne tsakaninmu tun ranar da aka kawo yayarsa gidana. Na ce masa, "Taka ai kabewa ce aka shafa wa wari." Aka ƙara darawa. Amma ni bakinka nake kallo. Ka sunkuyar da kai, sai dai gefen bakinka ya motsa da ya yi maganarsa, bai motsa ba da na yi tawa. Da wannan na hau moto na dawo gida, har yau ban sauke shi ba.

Ba zan ɓoye maka ba, kishin kawunka nake yi. Ni na yarda ka tafi wurinsa, tunda garinmu babu kwalej, gidansa kuma kusa da lakol yake. Amma yarda daban, daɗin rai daban. Shi yana da baƙar ƙasar fadama, ni ina da rairayi. Shi igiya kaɗan yake saki ya taɓo ruwa, ni sai na ɗora bidon ruwa a amalanke na je fanfo na bi layi. Duk wannan na daɗe da haƙura da shi. Yanzu kuma ga shi da kai, safe da yamma, yana da bakin da zai kira ka ya ce zo ka gani.

Shi ya sa na aiko maka da ƙullin nan da ke tare da takarda. Kafin ka kwance shi ka karanta yadda aka yi abin da ke ciki ya samu, domin kada ka bi ta inda na bi.

Ka tuna shekarar da kawunka ya zo mana bayan ƙaramar Salla da tsarabar tafarnuwa, an kitse ganyen kamar gashin mace, kowane kai ya kai dunƙulen hannun Hadiza? Kai ka karɓa. Ka zagaya tsakar gida da ita kana sunsuna, na ji ka ce wa ƙanwarka, "Kawu ya iya komai." Ina zaune ina gyaran ƙotar hauya. Ban ɗaga kai ba, amma a ranar na ce a raina sai na noma tafarnuwa a gidan nan, ni da ban taɓa shuka abin da ake ba ruwa da hannu ba. Na zaɓi wurin nan na gindin rumbu inda rana take faɗawa tun safe, na zagaye shi da kara saboda kaji.

Kuskurena na farko, na ƙi tambayar kawunka komai. Na ce noma ai noma ne. Da ruwan shuka ya sauka, ranar da muka shuka hatsi, na dawo na tura tafarnuwa a ƙasa. Na jira, na jira, ɗan abin da ya tsiro ya yi rawaya ya kwanta. Da na tona sai ruɓa da wari. Tafarnuwa ba ta son damina, ba ta son zafi. Ka bari sai hatsi ya shiga rumbu, sai ka fara laluben mayafi da asuba, sannan ka shuka. Wato yanzu ke nan. Kuma in ba ka san abu ba ka buɗe baki ka tambaya, ko da wanda ya sani ɗin zai yi maka dariya. Dariyar takan ƙare kafin a sha ruwa, ni kuwa damina guda na biya.

Da sanyi ya shigo na sake shiri. Har lokacin ban nemi iri a wurinsa ba. Na je kasuwar Gazawa na zaɓi wadda ta fi tasa girma, farar nan tas da ake shigowa da ita daga nesa cikin buhun raga. Na ce to, bari mu gani. Ta tsiro kuwa, ganye kore shar har gwiwa, duk wanda ya shigo gidan sai ya tsaya kallo. Ni kuma ina ta tafiya ina jin kaina. Lokacin cira ya yi, na ja ɗaya, sai gindi siriri kamar yatsa, bai rabu ba, bai yi kai ba. Na ja na biyu, haka. Ana cikin wannan sai ga kawunka ya zo gaida yayarsa. Ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce:

"Mijin Yaya, ashe lawashi kake noma? Da ka gaya min, da na zo maka da tunkiya ta taya ka girbi."

Na ce, "Ai ga ka nan ka zo, bismilla."

Ya yi dariya har da dukan cinya. Ni kuwa tuwon ranar bai wuce mini da daɗi ba. Waccan farar ta ƙasar sanyi ce, ba ta san ranarmu ba, ta miya ce ba ta shuka ba. Iri ka neme shi a hannun wanda ya noma shi kusa da kai, ko da bai cika ido ba. Abin da ya fi ƙyalli a kan tebur ɗin ɗan kasuwa ba lalle ya yarda da ƙasarka ba. Haka ma abokai a kwalej, ka duba wanda zai zauna da kai, ba wanda ya fi kowa takalmi ba.

Abin da ya biyo baya ka fi ni saninsa, amma ba mu taɓa maganarsa ba. Ka je hutu Gidan Rumji ka dawo. Wata safiya na buɗe ƙwaryar da nake ajiye irin gujiya, sai ga ƴan kawunan tafarnuwa a kwance a sama, masu jan ɓawo, da baƙar laka busasshiya manne a saiwarsu. Duk faɗin garinmu babu baƙar ƙasa. Kana can kana sharar gaban turken awaki. Na ɗaga murya na ce wa rumbu, "Ko wane aljani ne ya kawo wannan?" Ba ka juyo ba. Ka dai yi ta share wuri ɗaya har ka kusa haƙa rami.

Na daɗe ban taɓa su ba. Irin Laminu ne, in ta yi kyau za a ce tasa ce, in ta lalace za a ce hannuna ne. Amma na tuna wanda ya ɗauko su ya ɓoye a aljihu tun daga can, sai na shuka.

Nan ma ban tsira ba. Na ɓare ƙwayoyin tas kamar za a daka a miya, ina ganin na sauƙaƙa musu fitowa. Tururuwa da gara suka yi biki da rabi. Ka raba kai ƙwaya ƙwaya ranar da za ka shuka, ba tun kafin nan ba, ka bar wa kowace rigarta. Tsinin ya kalli sama, gindin ya zauna ƙasa, zurfin gaɓar yatsa biyu, tsakaninsu faɗin tafin hannunka. In ka cusa su kusa da juna kowace za ta tsuke ƴar'uwarta.

Waɗanda suka tsira kuma na kusa kashe su da son in wuce kawunka. Na kwaso ɗanyen kashin kaji daga akurki na zuba musu har na rufe ƙasa, ina cewa ku ci ku ƙoshi. Bakin ganyen ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Sai da na kwashe da hannu, kana riƙe mini da kwando kana kau da hanci. Taki sai wanda damina ta wuce a kansa, wanda in ka murza yake zama gari, ba ya wari. A gauraya shi da ƙasa kafin shuka, a ƙara ƴar toka. Abinci in ya yi yawa kuma bai dahu ba, ciwo yake zama, ga tsiro ga mutum.

Ruwa kuwa ka san wahalarsa a wurinmu. Ka tuna yadda na mayar da dutsen alwala bakin fangalin, na ce duk mai salla a gidan nan a nan zai yi alwala? Har baƙi na riƙa nuna wa wurin. Wannan dabara ce mai kyau, ban yi nadamarta ba. Sai dai ka hana a zuba ruwan wanki, sabulu ba ya yi mata. Inda na ɓata shi ne ƙarshe. Da zafi ya fara shigowa ganye ya soma rawaya daga ƙasa, na ɗauka ƙishi ne, na ninka ruwa. Ashe nuna take yi. Kawunan suka tsattsage cikin ƙasa, waɗanda na adana kuma da yawa suka yi baƙi. In ka ga ganyen ƙasa sun bushe, na sama suna bi, ka janye hannu, ka bar ƙasa ta sha iska sannan ka cire. Kada ka fizga, ka sassauta ƙasar da ɗan icce. Ka shanya a inuwa inda iska ke bi, ba a tsakar rana ba, sai wuyan ya bushe ka kitse ka rataye. Akwai lokacin da kula da abu shi ne ka ƙyale shi. Na faɗa maka wannan, ni ma yanzu nake koyonsa a kanka.

Akwai abin da nake so ka gane. Duk maganar da ka ji ina yi wa tafarnuwa a gindin rumbu, ba da ita nake ba. Kana tsaye da gwangwanin nan da muka huda, kana yayyafi, ni ina tsugune ina cewa, "Ke tafarnuwa, mai gaggawa ba ya yin kai," ko kuwa, "Ke, in an ba ki ruwa ki gode." Innarka ta taɓa leƙowa daga madafa ta ce, "Malam, in ta amsa maka ka kira ni in ji." Ba ni da wata hanyar da zan yi maka magana sai wannan. Ranar da na tarar da ƴan ramuka a gindin tsirrai, wani ya tona ya leƙa ko kai ya fara, na ce, "Ke tafarnuwa, wani ɓera mai yatsa biyar yana damun ki ko? Ki gaya masa abin da ke ƙasa ba ya son leƙe." Na ga ka ɓoye hannunka a baya. Daga ranar ɓeran bai dawo ba. To yanzu ina zuwa wurin da safe, ƙasa a gyare, in buɗe baki sai in ga babu mai riƙe da gwangwani. Hadiza ta gwada, amma ita amsa mini take yi, har da gardama.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na shekarar da abin ya fara yin kyau. Na cire, na baje a inuwa, na ga kawuna masu kyan gani. Me zan yi? Na tsince manyan duka, na kitse, na shiga mota takanas har Gidan Rumji domin kawunka ya gani. Ya juya su a hannu ya ce, "Lalle Mijin Yaya an fara zama mutum." Ya miƙa wa matarsa. Kafin in baro garin na ci su a miyar kuka. Na dawo gida babu abin da ya rage na iri sai ƙananan. Ni da na san a hatsi zangarniyar da ta fi kowace cika ita ake ɗaurewa a rataye don shuka, ko yunwa ta yi yaya ba a taɓa ta, sai ga shi son a yaba mini ya mantar da ni. Ƙarami ƙarami yake haifa. Haƙoran ɓeran da kawunka yake faɗa, ni na jawo su da ƙafata. Tun daga nan nake tsince manya ina ɓoyewa, kowace shekara tana ɗan ƙaruwa. In ka cire taka, kafin kowa ya gani, kafin miya, kafin tsaraba, ka ware mafi kyau ka ce wannan ba ta kowa ba ce.

Kada ka ɗauka ba ta da abin kirki don ƙanƙanta. Rairayi da ƙarancin ruwa sun mayar da ita wata iri daban. Ta kawunka kafin damina ta kankama sai ka matsa ka ji fanko, tamu kuwa tana nan da ƙarfinta har wata shukar. Innarka da bakinta ta ce wata rana tana daka, "Ta gidan nan ƙwaya ɗaya tana aikin uku na ta Laminu." Na ce, "Me kika ce?" Ta ce, "Ban ce komai ba, kuma kada ka kai masa." Ban kai masa ba. Kai ma kada ka kai, na dai gaya maka ne ka sani.

Yanzu ga abin da ya fi yi mini wuyar rubutawa. Kawunka ya fi ni iya wannan aiki. Ya tashi a cikinsa, ni da girmana na shiga. Ka bi shi garka in ka taso daga lakol, ka kalli hannunsa, ka yi tambaya. In abin da ya faɗa ya saɓa da nawa, a ƙasarsa kake, nasa za ka bi. Laka tana riƙe ruwa ba kamar rairayinmu ba, kada ka yi mata ban ruwan gida. Ka yi masa biyayya, ka gaida matarsa da safe, ka ɗauki aike ba tare da an maimaita ba, kada kuma garka ta cinye maka lokacin kaye da littafi. Karatu ya kai ka. In ya yi wasa da ni a gabanka ka yi dariyarka, ban hana ba. Zan ji zafi, amma wannan nawa ne, ba naka ba.

To kwance ƙullin. Manyan da na ware wa kaina na shukar bana ne, duka. Abin da na bari a gida matsakaita ne. Na san kuskuren da na gama gaya maka ne nake sakewa, na kwashe mafi kyau na aika Gidan Rumji, sai dai wannan karon ina sane na yi. In ka bar su a jaka suka bushe, ko suka faɗa tukunyar gidan, aikin shekarun nan ya koma baya, kuma ba zan tambaye ka ba. In kuwa ka ga dama, ka roƙi kawunka cikin ladabi ya bar maka layi ɗaya a bakin fangalin da ya ba ka, can gefe. Zai yi dariya, zai ce ka kawo masa ɓeraye garka. Ka bar shi ya yi. Ka shuka su yadda na faɗa, ka yagi bakin ƙyallen nan da na ƙulle su a ciki ka ɗaura a kara ka kafa a kan layin. A baƙar ƙasa wataƙila su yi girma har a kasa bambanta su da nasa. Ina so ko kowa ya kasa, kai ka san wane layi ne na gidanku.

In Allah Ya kai mu babban hutu, ka zo mini da kai ɗaya. Ba sai ka ce komai ba. Ƙwaryar irin gujiya tana nan inda ka san ta.

Allah Ya buɗa maka karatu, Ya sa ka fi ni, ka fi kawunka. Allah Ya tsare ka daga zazzaɓin fadama, da kunama a cikin ciyawa, da santsin bakin rijiya. Ya saka wa Laminu da alheri a kan riƙon da yake yi maka, na faɗa har zuciyata, ko da tana ɗan ja da baya. Ya dawo mana da kai lafiya, Ya tarar da mu lafiya. Amin.

Jiya na je tasha na sami direban da zai bi ta Maradi ya wuce wajenku. Na ce saƙo ne zan ba shi gobe, na yaron gidan Laminu mai garka. Ya ce, "Yara nawa ne a gidan Laminu? Malam, rubuta suna a baya, ni ba na son ɓatan kaya." Na ce to. Da na dawo na gwada rubutawa a ƙasa da tsinke a gindin rumbu, na share da ƙafa kafin innarka ta fito.

In takarda ta iso ka juya bayanta ka duba. Ban ba kowa ya rubuta mini ba. Ni na zaɓi sunan tun kafin liman ya raɗa maka, kuma ina ganin ko harafi ɗaya bai karkace ba.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Idi.